Shinkafar da Suharto bai girba ba

A ƙarshen 1995 shugaban Indonesiya, Suharto, ya amince da wani gagarumin shiri: a share dajin fadama hekta miliyan ɗaya a tsakiyar Kalimantan, wato ɓangaren ƙasarsa na tsibirin Borneo, a mai da shi gonar shinkafa. Aka haƙa magudanai masu tsawon fiye da kilomita 4,000 don a tsane ruwan.

Sai dai ƙasar wurin ba irin tamu ba ce. Ruɓaɓɓun ganye da itatuwa ne da suka yi shekaru dubbai suna taruwa cikin ruwa. Tana da tsamin da shinkafa ba ta so, kuma da zarar ta bushe sai ta zama makamashi. A 1997 yanayin El Nino ya kawo fari. Wutar sharar gona, ta ƙananan manoma da ta kamfanonin kwakwar manja, ta ƙwace, ta nutse cikin ƙasa tana ci a hankali wata da watanni.

Hayaƙin ya rufe Sumatra da Borneo, ya tsallaka Singafo da Malesiya. Mu da muka san hazon hunturu za mu iya kwatanta duhun, amma namu ƙura ce, nasu kuwa toka ce mai shaƙe maƙogwaro. A watan Satumba aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Sarawak. Ranar 26 ga watan, jirgin Garuda ya faɗi kusa da Medan cikin wannan hayaƙi, mutum 234 suka rasu.

Me ya yi wa gona? Shuka da hasken rana take dafa abincinta. Siririn hayaƙi yakan watsa hasken har ya kai ga ganyen ƙasa da inuwa ta rufe, wani lokaci ma shukar ta amfana. Idan ya yi kauri kuma ya daɗe, musamman lokacin da shinkafa ke cika ido, sai ƙwayar ta fito ba nauyi. Ga kuma iskar ozon da hayaƙi ke haifarwa in ya haɗu da rana, tana shiga ƙofofin ganye ta lalata su.

A 1998 Indonesiya ta shigo da shinkafa wajen tan miliyan 6. Mu da aikinmu lissafin kwamfuta ne, a nan muke taka-tsantsan: fari, hayaƙi da faɗuwar darajar kuɗin ƙasar duk sun zo lokaci guda, kuma fari ne ya fi yin ɓarna. Wanda ya ɗora wa hayaƙi laifin duka ya yi gaggawa. Amma ba baƙin juna ba ne. Farin ne ke buɗe wa wuta ƙofa, ɗumamar yanayi kuma na ƙara busar da daji, yayin da wutar ke ƙara ɗumamar. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2002 ya ƙiyasta cewa gobarar 1997 ta fitar da kabon da ya kai kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa a shekara daga man fetur, gas da kwal.

Suharto ya sauka a watan Mayun 1998, aka yi watsi da shirin, amma magudanan suka ci gaba da tsotse fadamar. A 2015 hekta miliyan 2.6 suka ƙone a faɗin ƙasar. Shekarar da ta biyo baya gwamnati ta kafa hukumar farfaɗo da irin wannan ƙasa, kuma cikin manyan ayyukanta har da toshe magudanan don ruwa ya koma ya kwanta.