Harafin 挨 Da Asalin Gaisuwa A Japan

Duk wanda ya fara koyon Japananci, cikin kalmomin da zai fara ji akwai “aisatsu”, wato gaisuwa. Faɗinta ba wuya. Sai an zo rubutu ake gumi, domin haruffan kanji biyu ne: 挨 da 拶. Na farko “ai” ake karanta shi, zanensa 10. Na biyu “satsu”, zanensa 9. A gefen hagu na kowannensu akwai alamar hannu, 扌. To, me ya haɗa hannu da gaisuwa a ƙasar da aka fi gaisawa da rusunawa?

Amsar tana ƙasar Sin. Daga can rubutun kanji ya fito, ya shiga Japan ta Koriya wajen ƙarni na 5. A asali 挨 na nufin turawa ko matsowa kusa, 拶 kuwa matsa lamba. Sai malaman Zen, wani reshe na addinin Buda, suka ari kalmar. Malami kan jefa wa almajirinsa tambaya ba zato ba tsammani, ya matsa masa, don ya auna zurfin fahimtarsa. Wannan gwajin shi ne aisatsu.

Zen ya kafu a Japan a zamanin Kamakura (1185 zuwa 1333), ta hannun irin su Eisai da ya komo daga Sin a 1191, da Dogen da ya komo a 1227. Sannu a hankali kalmar ta bar ɗakunan ibada ta shiga bakin jama'a, ta koma musayar magana, daga bisani ta zama gaisuwa.

Kalmar ta yaɗu, amma haruffanta sun sha wariya. Da gwamnati ta taƙaita kanjin amfanin yau da kullum zuwa 1,850 a 1946, ba su samu shiga ba. Haka ma jerin 1981 mai haruffa 1,945. Jaridu suka riƙa rubuta ta da hiragana: あいさつ. Sai a 2010, bayan kwamfuta da wayar salula sun sauƙaƙa buga haruffa masu wuya, aka faɗaɗa jerin zuwa 2,136, aka shigar da su biyun.

Mai karatu, mu da ke tsayawa mu tambayi kwana, gajiya da iyali mun san wannan ma'anar. Daga yadda mutum ya amsa “lafiya lau” ake gane ko lafiyar ce. Haka malamin Zen yake sauraron amsar almajirinsa.