Mayelin: Tarihin Binciken Furotin na Jijiyar Kwaɗo

Mayelin suna ne na farin kitsen nan da yake lulluɓe da jijiyoyin saƙo na mutum da sauran dabbobi masu ƙashin baya, wanda wasu ƙwayoyin halitta suke naɗa wa jijiya, ninki bisa ninki, kamar naɗin rawani, domin kada saƙo ya tsiyaye a hanya. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya raɗa masa wannan suna a 1854, amma galibin abin da aka fara sani na aikinsa daga jikin kwaɗo aka same shi, wato dangin waɗannan da mutane suke kwana da kukansu a lambatu da kududdufai da zarar damina ta kankama, ba kuwa wanda ya ɗauke su a bakin kome.

Dalilin zaɓen kwaɗo a fili yake, domin jijiyar cinyarsa doguwa ce, mai sauƙin cirewa, kuma takan daɗe tana aiki bayan an raba ta da jiki. Da ita Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙo a 1850, ya tarar bai wuce kimanin mita 30 a daƙiƙa ɗaya ba, alhali kuwa malaman da suka gabace shi suna zaton saurin ya fi ƙarfin awo. Louis Ranvier na Faransa ya bayyana a 1871 cewa lulluɓin yana da gaɓoɓi inda jijiya take tsirara, sai dai hikimar gaɓoɓin ta ɓuya har zuwa lokacin da Ichiji Tasaki a Japan cikin 1939, sa'an nan Andrew Huxley da Robert Stämpfli a Ingila cikin 1949, suka tabbatar da hujja, duk a jijiyar kwaɗi, cewa saƙon tsalle yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa. A tsakanin haka Francis Schmitt da abokan aikinsa a Amurka suka haska jijiyar da hasken hoton ƙashi, suka ga kaurin kowane ninki ya kai nanomita 17, wanda ya ɗan gaza na dabbobi masu shayarwa. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

To, amma mene ne yake riƙe da ninkin nan, har ba ya warwarewa? Kitse shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na busasshen mayelin, saura kuwa furotin ne, kuma shi ne maɗaurin. A 1951 Jordi Folch da Marjorie Lees suka tsamo wanda ake kira PLP daga ƙwaƙwalwa. Daga baya aka gane MBP, mai manne fuskokin ciki na ninkin. A 1973 kuma aka ba babban furotin na jijiyoyin gaɓɓai suna P0. Bisa wannan sai aka kafa ƙa'ida cewa a jikin mutum PLP ne yake mulkin ƙwaƙwalwa da laka, P0 kuwa haddinsa jijiyoyin waje.

A nan ne fa bahasin kwaɗo ya yi daɗi, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar a yi masa nazari. Da masana suka bi dabbobi jinsi jinsi a shekarun 1980, musamman Thomas Waehneldt da jama'arsa a Jamus, sai suka iske kifi ya saɓa wa ƙa'idar, domin irin P0 ne yake ɗaure mayelin har a cikin ƙwaƙwalwarsa. Kwaɗo kuwa, wanda yake fara rayuwa cikin ruwa da wutsiya ya ƙare ta a tudu da ƙafafu, sai ga shi ya haɗa biyun: Mika Yoshida da David Colman sun nuna a 1996 cewa P0 da PLP suna zaune tare a mayelin na ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Masana suna ɗaukar wannan shaida ce ta yadda ɗaya ya karɓi aikin ɗaya sannu a hankali, bayan sun daɗe suna tarayya, ba da juyin dare ɗaya ba.

Nijeriya ma tana da hannu cikin lamarin, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka sani, domin kwaɗon ruwa mai farce, Xenopus tropicalis, wanda aka buga jerin ƙwayoyin gadonsa a 2010, daga zuriyar da aka ɗauko a ƙasar nan yake, kuma shi ne na farko cikin kwaɗi da aka yi wa haka.

Fa'idar wannan ilmi ga marasa lafiya ba ƙarama ba ce. Tawaya a P0 tana jawo wani nau'in ciwon gado mai shanye ƙafafu da hannuwa, ƙwayar kuturta kuma, wadda ake horar da ma'aikata a kan yaƙarta a Saye kusa da Zariya, cikin ƙwayoyin nan masu naɗa mayelin take shiga ta ɓuya, shi ya sa kuturu yake ƙonewa bai ji ba. A 2012 Bernard Zalc da abokan aikinsa a Faris suka samar da 'ya'yan kwaɗi waɗanda ake iya lalata musu mayelin da magani, a janye maganin, a zuba ido ta cikin fatarsu mai garai-garai ana kallon yadda yake komawa cikin 'yan kwanaki, kuma da su ake jarraba magungunan da ake fatan za su mayar wa jijiyar mutum da lulluɓinta.