Ƙwarin da ke kashe itatuwa: Darbejiya da maɗacin Kano

Yankin Bata, inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari, na cikin wuraren da suka fi cunkoso a birnin Kano, kuma na cikin waɗanda suka fi ƙarancin inuwa. Shaguna da kwalta da gadar saman da aka gina a kan titin Murtala Mohammed sun cinye filin, 'yan itatuwan da suka rage kuwa siminti ya kewaye gindinsu.

Masana harkar gandun daji na cewa itacen da ke cikin irin wannan ƙunci shi ne ƙwari suka fi saurin kayarwa.

Yadda ƙwaron ke ɓarna

Ƙwaron ɓawon itace bai wuce ƙwayar shinkafa girma ba. Macen kan huda ɓawon, ta haƙa 'yan hanyoyi a ƙarƙashinsa ta saka ƙwai. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe sai su riƙa cin ɓargon nan mai laushi da ke ɗaukar abinci daga ganye zuwa saiwa. Da zarar sun kewaye gangar itacen, to ba shi da sauran rai. Wasu nau'o'in ma sukan shigo da wata irin funfuna wadda ke toshe hanyoyin ruwa.

Lafiyayyen itace yakan kare kansa, ta hanyar fitar da ƙaro ya toshe ramin. Wanda fari ya galabaitar ba ya iya yin hakan.

Abin da ya faru ke nan a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, inda ƙwaron ya shafi daji fiye da hekta miliyan 18 daga ƙarshen shekarun 1990. Haka kuma Jamus da Jamhuriyar Czech sun yi asarar dazuzzuka masu yawa bayan farin shekarar 2018. A Czech ɗin ne dai, a garin Zlin, aka kafa kamfanin takalma na Bata a 1894, wanda kantinsa ya bar wa wannan yanki na Kano suna.

Ciwon darbejiya

Itatuwan da ƙwaron ya kashe a Turai da Kanada ba irin na ƙasar Hausa ba ne, amma yankin ya taɓa shiga fargaba makamanciyar wannan a kan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, mutanen Nijar kuma bedi.

Asalinta daga yankin Indiya ne. An kawo ta Borno a 1928, daga nan ta bazu har ta zama itacen kan titi da na makarantu da kasuwanni a kusan duk garuruwan arewa. Da ita aka yi shingayen kare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar tun daga 1975, da kuma da dama daga cikin shingayen arewacin Kano.

A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye da reshe yana tsotse ruwansu ya addabi darbejiya a kewayen tafkin Chadi. Sai kuma a ƙarshen 1990 aka ba da rahoton wani baƙon ciwo a Nijar, wanda daga bisani aka gan shi a arewacin Najeriya. Tsofaffin ganyaye kan zube, a bar wani ɗan tuntu a ƙarshen doguwar tsirarar reshe, abin da ya sa masu bincike suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa.

An yi ta neman ƙwayar cuta ko ƙwaron da za a ɗora wa laifin, ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Akasarin masanan sun karkata ga cewa wahala ce ta taru ta yi wa itatuwan yawa: ƙarancin ruwan sama shekara da shekaru, da ƙasar da dabbobi da mutane suka daddaɓe, da kuma cunkushe itace iri ɗaya a wuri guda.

Shi kuwa maɗaci, wanda aka jera a titunan tsofaffin unguwannin gwamnati tun zamanin Turawa, matsalarsa iri biyu ce. Akwai tsutsar da ke huda tohon ƙananansa ta hana su miƙewa, sannan akwai masu sassaƙe ɓawonsa domin magani. Da wuya a ga babban maɗaci a bakin hanya babu tabon gatari a jikinsa, kuma kowane tabo ƙofa ce ga gara da sauran ƙwari. Idan sassaƙen ya zagaye gangar, mutum ya yi wa itacen abin da ƙwaron ke yi ke nan, a cikin yini ɗaya.

Ƙaura da itace

Sau da yawa mutane ne ke kai ƙwaron wurare masu nisa. Cutar da ta kashe itatuwan elm fiye da miliyan 25 a Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1960 ta shiga ƙasar ne a cikin gungumen da aka shigo da su daga Kanada da ɓawonsu. A Afirka ta Kudu kuma, wani ɗan ƙwaro mai huda itace da aka gano a Pietermaritzburg a 2017 ya kai manyan birane irin su Johannesburg, kuma hukumomi sun yi ta gargaɗi kan safarar itacen girki daga wuraren da ya ɓulla.

Wannan ya shafi Kano kai tsaye, ganin cewa motocin itacen girki da gawayi na shigowa birnin daga dazuzzuka masu nisa, yayin da masu sayar da dashe a bakin titi kan tashi daga wannan wuri zuwa wancan duk lokacin da aikin hanya ya iso gare su.

Shawarar da malaman daji ke bai wa mai renon dashe ko mai sana'ar datse itatuwa da zai sauya wuri ita ce kada ya tafi da guntayen da ke da ƙananan ramuka ko garin itace a jiki. A ɓare su, a ƙona ɓawon a inda aka sare su. A wanke adda da zarto kafin a taɓa wani itacen. Dashe kuwa an fi son a motsa shi bayan damina ta kankama, wajen watan Yuni ko Yuli, ba a zafin Afrilu ba.

Feshin magani ba ya kai wa ga tsutsar da ta riga ta shige ƙarƙashin ɓawo. Itacen da ya kamu sosai sare shi ake yi a kawar, na kusa da shi kuma a buɗe musu ƙasa a gindi, a riƙa ba su ruwa har rani ya wuce.