Ziyarar Fagagen Jihadi a Yammacin Kano: Daga Sabon Birni Zuwa Godiya da Karaye

Sabon Birnin da ake nufi a nan shi ne na ƙaramar hukumar Gwarzo a yammacin jihar Kano. Akwai wani Sabon Birnin a ƙasar Gobir, kusa da kufan Alkalawa, kuma shi ne yakan fara zuwa zuciyar ɗalibin tarihi idan aka ambaci jihadi. Amma na Gwarzo ma yana zaune ne a gefen ƙasar da aka fara zubar da jini a kanta lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso Kano. Wanda ya sauka a can, tafiya kaɗan ce za ta kai shi Kabo da Gammo da Godiya, sannan ya gangara Karaye. Waɗannan sunaye a yau an fi jin su a jerin mazaɓu da ranakun kasuwa. A littattafan ƙarni na 19 kuwa, sunayen fagagen fama ne.

Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni. Da labari ya iso Kano, almajiransa da masoyansa suka yi koyi da shi, suka fita daga ƙarƙashin ikon Sarki Muhammadu Alwali, suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Daga cikin jagororinsu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Dabon Dambazau, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Usman Bahaushe. Alwali ya aika musu da runduna bayan runduna, suna mayar da ita. Da suka ga ƙafarsu ta kafu, sai suka fita daga tsaron kai suka shiga kai hari: Gammo, Kabo, Godiya, inda Ɗan Tama mai garin ya yi musu tirjiya mai tsanani, daga nan Karaye. Ƙarshen al'amarin ya auku ne nesa da wannan yanki, a Ɗanyaya inda aka karya babbar rundunar sarki, sannan a Burumburum inda aka kashe shi a 1807. Malam Sulaimanu ya zama sarki na farko a sabon tsari, Malam Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819. Mafi yawan abin da aka sani na wannan zango ya zo ne ta hanyar Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda aka rubuta a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, kimanin shekara sittin bayan aukuwar abin.

To, baƙon da ya zo da wannan labari a ƙirjinsa, me zai tarar? Gonakin dawa da gero da gyaɗa, itatuwan kuka da ɗorawa, wani wurin ɗan tudun ƙasa da dattawa za su ce masa nan ganuwa ta bi. Babu allo, babu ginshiƙi, babu mai yankan tikiti. Ƙasar ma ba ta tsaya yadda take ba. Kwazazzabo abu ne da damina ke ci kullum, tana faɗaɗa wani tana cike wani, kuma madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992 ta sauya fasalin ƙasar Karaye. Wanda ya saba da ganin hotunan fagagen yaƙin Turai yakan ɗauki wannan a matsayin sakaci tsantsa. A Gettysburg ta Amurka, inda aka yi yaƙin kwana uku a 1863, an kafa ginshiƙai da gumakan tunawa fiye da dubu. A Waterloo ta Beljiyam, wadda yaƙinta na 1815 bai fi shekara takwas da na Burumburum ba, an tara wani ƙaton tudu aka ɗora gunkin zaki a kai. Sai dai ƙasar da aka yi tudun da ita daga fagen yaƙin aka haƙo ta, har abin tunawar ya ɓata siffar wurin da ake son tunawa. Akwai sakaci a yammacin Kano, babu shakka, amma ba rashin ginshiƙi ne alamarsa ba.

Malamai sun daɗe da zance kan hukuncin irin wannan tafiya. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Annabi (SAW) ya hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya ya yi izini saboda tana tuna lahira, kuma Bukhari ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir (RA) cewa ya je wa shahidan Uhudu bayan shekara takwas, kamar mai bankwana da rayayyu da matattu. A hanyar Tabuka kuma, da aka bi ta Hijir, mazaunin Samudawa, ya hana shiga sai da kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo. Saɓanin ya taso ne daga hadisin da ya taƙaita ɗaure sirdi ga masallatai uku: Ibn Taimiyya ya fahimci hani ga tafiya takanas zuwa kabari don neman kusanci, Subki ya yi masa raddi a Shifa'us Siƙam, Gazali da Nawawi kuma sun tafi a kan cewa hadisin bai haramta sauran tafiye-tafiye ba. Ɗalibin da ya je Godiya don ya fahimci yadda aka yi yaƙi bai shiga wannan saɓani ba ko kaɗan, domin tafiyarsa ta neman ilmi ce. Wanda ya je neman albarkar ƙasa kuwa, Shehun da yake ƙauna ne zai fara tsawata masa, domin a Ihya'us Sunna ya lissafa shafar kabari cikin bidi'o'i.

Wahalar gaskiya tana wani wuri dabam. Mai tsayuwa a gindin Uhudu ya san wane ne shahidi, wane ne mushriki. Wahayi ya yanke wannan. A Hijir ma haka. Mai tsayuwa a bakin Godiya kuwa yana kan ƙasar da ɓangarorin biyu ke kiran salla. Musulunci ya shiga fadar Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma Shehu Magili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiharsa kan mulki shekara ɗari uku kafin Alwali. Hujjar jama'ar Shehu ita ce sarakunan sun cuɗanya Musulunci da al'adun kafirci, sun tsananta zalunci, sun kuma goyi bayan masu yaƙar Musulmi. Tun yaƙin bai lafa ba aka ƙalubalanci wannan hujja. Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno ya rubuto yana tambaya da wane dalili ake halatta jinin mai salla da azumi, yana mai cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya amsa masa, ya kuma yi abin da ba kowane mai nasara ke yi ba: ya sanya wasiƙar abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisur, har ta iso ga na baya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da ya ga son duniya ya fara shiga rundunar, ya bar ta da niyyar tafiya Gabas, ya sauka a Kano, ya tarar da irin abin da ya gudo dominsa. A nan ya rubuta Liya'ul Hukkam don ya koya wa sababbin masu mulki iyakar da shari'a ta gindaya musu, kafin ya koma.

Idan jagororin da kansu sun yarda a yi musu tambaya, bai dace jikokin almajiransu su mayar da fagen fama wurin kirari ba. Wannan haɗari ne na zahiri a yau, lokacin da ake ta ƙoƙarin karanta jihadin a matsayin yaƙin Fulani da Hausawa, wasu don alfahari, wasu don ƙullaci. Sunan Malam Usman Bahaushe a cikin jagororin Kwazazzabo ya isa ya nuna cewa layin bai bi ta ƙabila sak ba. Manomin da baƙo zai tarar yana huɗa a Gammo, mai yiwuwa ne kakanninsa na wajen uwa suna cikin ganuwa a ranar, na wajen uba suna wajenta. Shekara ɗari biyu na auratayya sun haɗa abin da takobi ya raba. Malamin da ya kawo ɗalibai, ya tsaya a gonar mutumin nan yana kiran mutanen garin na da arna, ya ci zarafin mai masaukinsa, ya kuma yanke hukuncin da manyan malaman zamanin suka yi ta musayar takardu a kansa. Addu'ar da ta dace da wurin ita ce ta neman gafara ga muminan da suka riga mu, tare da roƙon kada a bar ƙulli a zuciya, kamar yadda Suratul Hashri ta koyar. Wannan ba ya rage wa mujahidan darajarsu, kuma ba ya hana a faɗi abin da jihadin ya gyara.

Sakacin da aka ambata a baya yana nan ne: ruwayar da ke hannu ta ɓangare guda ce. Alƙali Zangi malami ne amintacce, amma a fadar waɗanda suka yi nasara ya yi rubutu, kuma abin da ya dame shi shi ne wane jagora ya yi me. Yadda mutanen Godiya suka ga zuwan rundunar, ta wace ƙofa aka shiga, ina aka binne waɗanda suka faɗi, ina waɗanda suka tsira suka nufa, duk wannan yana bakin dattawa ne, cikin tarihin gidajen sarauta da kirarin garuruwa, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Ɗaliban sashen nazarin addini sun fi kowa cancantar tattara shi, domin su ne aka horar da su kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, da yadda ake auna ruwaya biyu masu karo da juna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka sare kara, sawun ganuwa da na tsohon gwalalo suka fito fili, manoma kuma suka sami sararin zama. Ladabin shiga gari shi ne a fara da ƙofar dagaci, sannan limamin gari, a karanta musu abin da Taƙyidul Akhbar ya ce game da garinsu, a fassara, a saurari inda suka yarda da inda suka ce ba haka aka gaya musu ba, a rubuta duka biyun da sunan mai ruwaya da ranar da aka ji.