Real Madrid ko Barcelona: abin da ake dubawa kafin a yi hasashen kofin Sifaniya

Duk shekara, da watan Agusta ya kama, gardama ɗaya ce ke tashi a fada da gidajen kallo, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa har Yamai: bana wa zai ɗauki kofin La Liga? Ƴan uwa da ke ƙasashen waje su ma sai turo saƙon murya suke, kowa da gwaninsa. Wasu matasa har kuɗi suke zubawa a kan hasashensu. Shi ya sa muka tattaro abubuwan da ya kamata a duba kafin a yanke magana.

Yadda gasar take

Ƙungiyoyi 20 ne a La Liga. Kowace na buga wasa 38, gida da waje, daga Agusta zuwa Mayu. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Zuwa ƙarshen kakar 2024/2025, Real Madrid na da kofi 36, Barcelona 28, Atletico Madrid 11. Daga lokacin da Valencia ta ɗauka a 2004 zuwa 2025, kofin bai fita daga hannun waɗannan ukun ba.

Akwai wata doka da mutane da yawa ke mantawa. In ƙungiyoyi biyu suka gama da maki ɗaya, ana fara duba wasanni biyun da suka yi tsakaninsu, kafin a zo ga yawan ƙwallaye. A kakar 2006/2007 Madrid da Barcelona duk sun gama da maki 76. Barcelona ta fi zura ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma Madrid ta ci 2-0 a gidanta, aka tashi 3-3 a Camp Nou, sai kofi ya tafi Madrid.

Sabon tauraro

Nan ne aka fi yin kuskure. A 2024 Madrid ta ɗauki La Liga da kofin zakarun Turai, sannan ta kawo Mbappe. Kusan kowa ya ce ai magana ta ƙare. Mbappe dai ya yi aikinsa, ya ci ƙwallo 31, ya fi kowa a gasar. Amma Barcelona ce ta ɗauki kofin da maki 88, Madrid ta tsaya a 84, kuma sau huɗu suka haɗu a gasanni daban-daban, sau huɗu Barcelona ta yi nasara. To me ya faru? Toni Kroos, mai raba ƙwallo a tsakiya, ya yi ritaya ba a samu madadinsa ba. Carvajal da Militao suka ji rauni a gwiwa tun farkon kaka. Madrid da aka ci ƙwallo 26 kacal a kakar baya, sai ga shi an zura mata 38.

Wanda ya tafi

Kenan a riƙa duba wanda ya fita, kamar yadda ake duba wanda ya shigo. Da Ronaldo ya bar Madrid a 2018, ƙungiyar ta gama ta uku, maki 19 tsakaninta da Barcelona, kuma masu horaswa uku suka riƙe ta a kaka ɗaya. A 2020 Barcelona ta sallami Luis Suarez, wai ya tsufa. Ya koma Atletico, ya ci ƙwallo 21, suka ɗauki kofi. Wannan kuma ya nuna cewa mai hasashen da ya manta da Atletico bai gama lissafi ba. A 2014 ma su suka ɗauka, a ranar ƙarshe, cikin filin Barcelona.

Ƴan benci da yawan wasanni

Manyan ƙungiyoyin nan na buga wasa sama da 50 a shekara, kuma tun 2024 zagayen farko na kofin zakarun Turai ya koma wasa 8 maimakon 6. Rauni ba makawa ne, abin tambaya shi ne wa zai maye gurbi. A kakar 2023/2024 Madrid ta rasa mai tsaron gida Courtois da masu tsaron baya Militao da Alaba tsawon watanni, duk da haka wasa ɗaya tak aka ci ta, ta gama da maki 95, don na benci sun riƙe mata.

Kuɗi

Hukumar La Liga na ƙayyade wa kowace ƙungiya iyakar albashin da za ta biya, gwargwadon abin da take samu. Dokar nan ce ta sa Barcelona ta kasa sabunta kwantiragin Messi a 2021, ya tafi PSG. Don haka jin an sayi ɗan wasa bai isa ba, sai an tabbatar an yi masa rajista. Kasuwar ƴan wasa kan rufe wajen farkon Satumba, hasashen da aka yi kafin nan yana iya rushewa cikin dare ɗaya.

El Clasico

Wasa biyu ne kawai cikin 38, wato maki 6 cikin 114. Yana da amfani in an yi kankankan, kamar yadda muka gani a 2007, amma yawancin makin ana tara su ne a filayen ƙananan ƙungiyoyi irin su Getafe da Osasuna, wasannin da gidan kallo ba ya cika.

Shawararmu ita ce a bari a buga kamar wasa goma, wajen ƙarshen Oktoba, sannan a duba wadda ba a cika zura mata ƙwallo ba da wadda ke cin wasa a waje. Wanda kuma ke shirin sa jika biyar ɗinsa a kan sunan tauraro guda, ya tuna da waɗanda suka sa nasu a kan Madrid a 2024.