Obon: Bikin da Japanawa ke karrama magabatansu da suka rasu

A tsakiyar watan Agusta na kowace shekara, jiragen ƙasa da manyan hanyoyin Japan kan cika maƙil da mutanen da ke barin birane zuwa garuruwansu na asali domin bikin Obon. Bisa aƙidar Japanawa, a waɗannan kwanaki ne ruhin iyaye da kakanni da suka rasu ke dawowa su ziyarci iyalansu. Bikin ba ya cikin ranakun hutu na gwamnati, amma kamfanoni da yawa kan sallami ma'aikatansu.

Asali da lokaci

Obon ya samo asali ne daga haɗuwar tsohuwar al'adar girmama magabata da addinin Buddha, wanda ya shiga Japan ta yankin Koriya a ƙarni na 6. Ruwayar mabiya addinin ta ce wani almajirin Buddha, da Japanawa ke kira Mokuren, ya ga mahaifiyarsa tana shan azabar yunwa bayan mutuwarta, sai aka umarce shi da ya yi wa malaman addini sadaka ranar 15 ga wata na bakwai, ta haka ta sami sauƙi.

Da Japan ta koma amfani da kalandar Miladiyya a 1873, sai lokacin bikin ya rarrabu. Galibin ƙasar na yin sa daga 13 zuwa 16 ga Agusta, wasu sassan Tokyo a Yuli, Okinawa kuwa tana bin kalandar wata.

Kayan da ake girmamawa

Cibiyar wannan al'ada a cikin gida ita ce butsudan, wani ɗan kabad mai ƙofofi da ake ajiye ihai a cikinsa, wato allunan katako masu ɗauke da sunan da malamin addini ya raɗa wa mamaci bayan rasuwarsa. A gabansa ake kunna turaren wuta, a ajiye shinkafa da ruwa da furanni. Ya bambanta da kamidana, ƙaramar kantar bauta ta addinin Shinto, ko da yake a gidaje da dama ana samun su duka biyu.

A ranar farko akan hura 'yar wuta a ƙofar gida domin nuna wa baƙin hanya. Wasu iyalai kan soka wa kokwamba tsinke huɗu ta zama doki, gauta kuma ta zama saniya: dokin domin magabata su iso da sauri, saniyar domin su koma a hankali. Akan kuma share kaburbura, a yi raye-rayen Bon Odori a dandali. Rakiya ita ce ƙarshe: a Kyoto ana cinna manyan wutace a kan duwatsu 5 a daren 16 ga Agusta, a wasu garuruwan kuma a saki fitilun takarda a kan ruwa.

Tunawa da mamaci ba ta tsaya ga Obon ba. Ana yi masa addu'a a kwana na 49, sannan a wasu shekaru ƙayyadaddu, yawanci har zuwa ta 33, lokacin da ake ɗauka ya shiga sahun magabatan gida baki ɗaya.

Barazanar da ke tafe

Sama da kashi 99 cikin 100 na mamatan Japan ƙona su ake yi, a ajiye tokar a kabarin iyali, wanda bisa al'ada babban ɗa ne ke gadon kula da shi. Raguwar haihuwa da ƙaura zuwa birane sun sa kaburbura da yawa a karkara sun rasa magaji. Shi ya sa iyalai ke ƙara rungumar hakajimai, wato rufe kabarin gado a kwashe tokar zuwa kusa da inda suke zaune, ko a damƙa ta ga wurin bauta ya ci gaba da yi wa mamatan addu'a.