AUTAN JIKOKIN SARAUNIYA

'Yar'uwa, in ana hira aka ce wane ɗan sarki ne, abin da kan fara faɗo mana a rai shi ne hutu da jin daɗi: ga doki, ga alkyabba, ga barori, abinci sai wanda ya zaɓa. Balle a ce auta ne. To yau ga labarin wani auta, sunansa Yarima Moris na Battenberg, ƙaramin jikokin Sarauniya Biktoriya ta Ingila su 42. Bai taɓa sarauta ba, ba a ma taɓa sa masa rai da ita ba, don waɗanda ke gabansa suna da yawa. Yana da shekara 23 aka kashe shi a fagen daga. Abin da ya sa na ɗauko miki labarinsa shi ne, yaƙin da ya ci shi 'yan'uwansa na jini ne ke jan ragamarsa ta kowane ɓangare, kuma matan gidan aka bari da kuka.

Bari mu fara da mahaifiyarsa, Gimbiya Biyatiris, don ita ma auta ce a cikin 'ya'yan Sarauniya su tara. An haife ta a 1857. Tana da shekara huɗu mahaifinta ya rasu, a 1861, sai uwar ta rungume ta, ta mai da ita abokiyar zama. Da ta girma ita ce mai karanta mata wasiƙu, ita ce mai rubuta mata amsa, duk inda Sarauniya ta sa ƙafa tana biye. Yayyenta mata duk suka yi aure, ita kuwa uwar ta ƙudurta a ranta cewa wannan ba inda za ta, ko zancen aure ba ta so a yi a gabanta.

Ana nan, a 1884, sai Biyatiris ta tafi bikin 'yar yayarta a garin Darmstadt na ƙasar Jamus, ta haɗu da ƙanen ango, Yarima Henri na Battenberg, suka ga juna suna so. Da ta dawo ta faɗa wa mahaifiyarta, sai tsohuwa ta ɗauke mata wuta. Wajen wata bakwai suna gida ɗaya, suna cin abinci a teburi ɗaya, amma ba ta ce mata uffan. In da magana sai dai ta rubuta a takarda ta tura mata. Daga baya ta sauko, amma da sharaɗi: ango zai bar ƙasarsu da aikinsa na soja, ya tare a gidan surukarsa. Henri ya ce ya ji ya gani. Aka ɗaura aure ran 23 ga Yuli 1885 a wata ƙaramar majami'a da ke Whippingham, a tsibirin Wight.

Kin san me ya sa ya karɓi irin wannan sharaɗi ba gardama? Ban da so, akwai kuma batun asali. A wajenmu ɗan sarki ɗan sarki ne ko wace ce uwarsa, sarakuna nawa aka yi 'ya'yan ƙwaraƙwarai. A Jamus ta wancan zamani ba haka ba ne. Mahaifin Henri ɗan gidan sarautar Hesse ne, amma ya auri Juliya, mai yi wa ƙanwarsa hidima a fadar Rasha, wadda ba jinin sarauta ba ce. Saboda haka aka cire 'ya'yansu daga gadon sarautar, aka laƙaba musu sunan wani ƙaramin gari, Battenberg. Sunan yarima suke da shi, ba ƙasa ba dukiya. Shi ya sa da aka yi auren manyan fadar Jamus suka riƙa yatsina fuska, wai 'yar Sarauniya ta yi auren ƙasa da ita.

Allah ya ba su 'ya'ya huɗu: Alekzanda a 1886, Ena mace ɗaya tilo a 1887, Liyofol a 1889, sai auta Moris da aka haifa ran 3 ga Oktoba 1891 a gidan Sarauniya na Balmoral da ke Sikotilan. Gida ya cika da hayaniyar yara, tsohuwa ta sami abin da take so, ga 'ya ga jikoki a gabanta. Wanda bai sami abin da yake so ba shi ne maigidan. Namiji da ƙarfinsa, soja, an ajiye shi ba aikin fari ba na baƙi. An ba shi gwamnan tsibirin Wight, amma sarautar suna ce kawai. Zaman ya ishe shi.

A ƙarshen 1895 Ingila ta shirya runduna za ta tura ƙasar Asante, a Gwalkwas, wato Gana ta yau, don ta murƙushe Sarki Prempeh na Kumasi, garin da fatakenmu na goro suka daɗe da sani. A cikin rundunar har da sojoji Hausawa da Turawa suka ɗauka aiki a Gwalkwas da Ikko. Henri ya matsa sai ya je, Sarauniya ta ƙi, ya yi ta naci har ta yarda. Abin tausayi, ko yaƙin ba a yi ba, rundunar ta shiga Kumasi a Janairun 1896 ba a harba bindiga ba, aka kama sarkin aka tafi da shi. Shi kuwa Henri ko Kumasin bai gani ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi a hanya, aka juyo da shi bakin teku aka sa shi a jirgin ruwa, ran 20 ga Janairu 1896 ya cika a cikin jirgin, daura da gaɓar Saliyo. Don kada gawar ta lalace kafin a kai gida, sai ma'aikatan jirgin suka harhaɗa gwangwanayen biskit suka yi tanki, suka cika da barasa suka sa ta ciki. Aka binne shi a majami'ar nan da aka ɗaura musu aure.

Lokacin Moris yana da shekara huɗu, daidai shekarun da uwarsa take da su sa'ad da nata uban ya rasu. Ya tashi maraya a gidan kaka, kowa na cewa duk cikin yaran shi ya fi kama da marigayin. Yana da shekara tara kakar ta rasu, a Janairun 1901. A wajen jinyar nan tata, wanda ya tallafe ta da hannunsa har ta cika shi ne babban jikanta, Wilhelm, Sarkin Jamus. Ki riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Moris ya yi karatu a kwalejin Wellington, ya wuce makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst, ya fito ya shiga soja, har ya kai muƙamin laftana. Saurayi ne mai fara'a, mai son mota da gudu, har an taɓa cin sa tara a kan gudun da ya wuce ƙima. Bai yi aure ba, bai bar baya ba.

To ga yadda zumuncin gidan yake, don ki ga inda gizo ke saƙa. Sarauniya Biktoriya ta aurar da 'ya'yanta da jikokinta a fadojin ƙasashe da dama, har ana ce mata kakar Turai, kuma ana ganin wannan auratayya za ta hana tashin hankali a tsakaninsu. Sarki Joji na Biyar na Ingila ɗan kawun Moris ne, wato taubashinsa. Wilhelm na Jamus ɗan babbar yayar mahaifiyarsa ne, a lissafinmu yayansa ne sak. Matar Sarkin Rasha ita ma 'yar yayar mahaifiyarsa ce. Joji da Wilhelm kuwa ɗan namiji ne da ɗan mace, abokan wasa. Amma da aka harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarajevo ran 28 ga Yuni 1914, kowace ƙasa ta bi bayan wadda suka yi alkawari da ita, ba wadda ta waiwayi dangantaka. Jamus ta tsaya wa Ostiriya, Rasha da Faransa suka tsaya waje ɗaya, sojojin Jamus suka kutsa Beljiyam, ran 4 ga Agusta Ingila ta shiga. Yaƙin Duniya na Ɗaya ke nan.

'Ya'yan Biyatiris maza su uku duk suna cikin kaki, har Liyofol mai ciwon nan na gado da jini ba ya tsayawa in an ji rauni. Cikin watan Agustan aka haye da bataliyar su Moris zuwa Faransa. Suka sha baƙar wuya, ja da baya a ƙafa kwana da kwanaki, sannan a juyo a gwabza. A watan Oktoba aka kai su kusa da garin Ypres a Beljiyam, inda Jamusawa ke ƙoƙarin ɓallewa su kai bakin teku. Ran 27 ga Oktoba 1914, kusa da wani ƙauye da ake kira Zonnebeke, yana gaban yaransa suna dannawa, sai harsashin igwa ya fashe dab da shi, tsagin ƙarfe ya same shi. Kafin a kai shi wurin masu magani rai ya yi halinsa. Mako uku da 'yan kwanaki ke nan da cikarsa shekara 23. Akan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan waɗanda suka ja ruwan suna fada a zaune, igwar sojojin yaya ce ta kashe ƙane.

Da labari ya iso Landan, sai ministan yaƙi, Lod Kicina, ya yi wa uwar tayin a ɗauko mata gawar ɗanta a kawo gida. Ba abu ne mai wuya ba, tsakaninsu ɗan siririn teku ne kawai, kuma ke kin ji irin wahalar da aka sha aka kawo ta mijinta tun daga gaɓar Afirka. Amma Biyatiris ta ce a'a, a bar shi cikin abokan aikinsa da suka faɗi tare. Ki auna wannan a ranki, uwargida. Dubban iyaye mata a ƙasar ba wanda ya yi musu irin wannan tayi, 'ya'yansu inda suka faɗi nan aka rufe su, wasu ma ko gawar ba a gani ba. Ita da aka ba dama ta ƙi fifita nata. Aka binne shi a maƙabartar garin Ypres.

Yayarsa Ena kuwa nata ya fi ban tausayi. Tun 1906 take auren Sarki Alfonso na Sifen, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Ran 24 ga Oktoba 1914 ta haifi autanta, kwana uku tsakani aka kashe ƙanenta, tana ɗanyen jego. Ga shi uwar mijinta, Mariya Kiristina, 'yar gidan sarautar Ostiriya ce, kuma yayanta ne babban kwamandan sojojin Ostiriya, abokan Jamus. Fada ɗaya suke zaune, nasarar da za ta faranta ran surukar ita ce za ta sa matar ɗan kuka. Duk wadda ta taɓa zaman gidan da ake murna da abin da ke ƙona mata rai ta san wannan zama.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Baffansa, Yarima Luwis na Battenberg, yayan mahaifinsa, shi ne shugaban hafsoshin sojan ruwa na Ingila, ya shiga aikin tun yana ɗan shekara 14, ya yi shekara 46 a ciki. Da yaƙi ya ɓarke sai jaridu da mutanen gari suka taso shi gaba, wai Bajamushe ne, ba a yarda da shi ba. Ba a yi kwana uku da kashe ɗan ƙanensa ba ya ajiye aiki. Kin ga gida ɗaya, a mako ɗaya, Jamusawa sun kashe musu ɗa don yana sojan Ingila, Ingilishi sun kori uba don yana da sunan Jamus.

Ƙiyayyar ta yi ta ƙaruwa har a Yulin 1917 Sarki Joji ya sauya sunan gidansa zuwa Windsor, 'yan Battenberg da ke Ingila su ma suka ajiye muƙamansu na Jamus suka koma Mountbatten. Daga wannan zuriya da aka raina Yarima Filib ya fito, jikan Luwis, mijin Sarauniya Elizabet da suka zo Kaduna tare a 1956, mahaifin Sarki Charles na yanzu. Moris bai ga sauyin sunan ba, kabarinsa har yau Battenberg ne a rubuce.

Biyatiris ta yi tsawon rai. Liyofol ya rasu a 1922 bayan an yi masa aiki, ta binne miji, ta rasa 'ya'ya biyu. Ta daɗe tana aikin kwafe littattafan da mahaifiyarta ta riƙa rubuta al'amuran yau da kullum, aikin da ya ci mata shekara 30, ya cika littafi 111. Ta ga an sake wani yaƙin da Jamus. Ta rasu ran 26 ga Oktoba 1944 tana da shekara 87, saura kwana ɗaya ɗanta ya cika shekara 30 a ƙasa. Ita ce ta ƙarshen rasuwa a 'ya'yan Sarauniya. Daga baya aka kai ta Whippingham kusa da mijinta.

'Yar'uwa, mu ma muna da irin wannan tunani na Sarauniya Biktoriya a gidajenmu. Mukan ce a haɗa wance da wane don zumunci ya ƙara danƙo, mu ɗauka an gama. Auren kan haɗa jini, amma ranar da maza suka tashi rigimar gado ko ta gona ko ta siyasa, ba ya riƙe musu hannu sai in dama can ana zuwa ana gaisawa, ana jin kunyar juna. In kuwa aka ɓata, wadda ke tsakiya ita ke shan ta, ga dangin uba ga dangin miji, ba ta da wanda za ta yar. Saboda haka in kin ga wuta na neman tashi tsakanin naki da nasa, kada ki ce ba ruwan mata, ki sa baki tun tana hayaƙi.

Shi dai autan jikokin Sarauniya yana can Ypres, ƙarƙashin farin dutse irin wanda aka kafa wa kowane soja, ba a ƙara masa tsawo ko faɗi ba.